Jirgin da Ke Bin Alhaji Abdulganiyu

Duk wanda bai san Alhaji Abdulganiyu ba, laifinsa ne, domin Alhaji ya yi iya ƙoƙarinsa. Hotonsa na jikin shagonsa na taki da maganin feshi a bakin kasuwar Ƙanƙara. Yana jikin reshen shagon na Faskari. Yana jikin na Sabuwa, inda mai fenti ya ƙara masa tsawo ya rage masa ciki, Allah ya saka wa mai fentin da alheri. Yana jikin kalandar da yake rabawa duk shekara, wata goma sha biyu, Alhaji goma sha biyu, kowane wata da irin hularsa. Mu da muka yi sa'ar zama maƙwabtansa ba mu buƙatar kalanda. Muna da shi kansa, safe da yamma.

Mutum ne mai tawali'u. Shi ya faɗa da bakinsa, a lasifika, ranar sunan jikansa. Sarautar Garkuwan Manoma da ake kiransa da ita ma, bai wahalar da kowa wajen naɗi ba. Wata Laraba bayan La'asar ya duba ya ga ta dace da shi, ya ɗauka. Mu matan unguwa, da yake ba mu san darajar sarauta ba, Alhaji Ku-Kalle-Ni muke ce masa.

To bana sai kujerar shugaban ƙungiyarmu ta manoman masara ta zama babu kowa. Ƙungiyar ta haɗa manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, maza da mata, har da ni da 'yar gonar da marigayi maigidana ya bar mana. Baba Gide ya riƙe ta shekara goma sha biyu, gwiwa ta ce masa ya isa. Kuma kujerar ba ta ado ba ce. Shugaba ke zuwa Katsina ya yi magana da yawunmu. Shi ke tsayawa kan rabon iri idan ya zo. Shi ke gaya wa manomi wane taki zai saya, wane magani zai guje wa. A ɗauki wannan kujera a ba mai sayar da taki da magani? Alhaji ya hango dacewar haka tun kafin kowa ya hango.

Sai dai Baba Gide ya kafa sharaɗi guda a gaban jama'a, yana dogare da sandarsa.

"Wanda za shi gaje ni," ya ce, "sai wanda ƙafarshi ke shiga gona. Mun gaji da manoman da gona ke iskewa gida cikin buhu. Duk mai so, ya zo Faskari ran taro ya nuna mamu."

Alhaji yana da gona, kada a zalunce shi. Babba ce, a Ƙetare, gadon mahaifinsa. Rabon da ya taka ta dai tun kafin wayar hannu ta iso Ƙanƙara. Wani mai ƙaramar zuciya da sai ya tafi gonar ya kama noma. Alhaji ya fi ƙarfin wannan. Kano ya tafi, ya kwana biyu, ya dawo da wata baƙar jaka da bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba.

A ƙofar gidansa ya buɗe ta, bayan ya tabbatar 'yan majalisarsa sun cika benci. Wani ɗan jirgi ne kamar faranti, da farfela huɗu da idon kyamara guda a gaba.

"Wannan da kuke gani," in ji Alhaji, "duron ake ce mashi. Jirgi ne marar matuƙi, irin na manyan ƙasashe. In na tashe shi, hotona zai hito nan cikin waya. Sai in sa yatsa in zana ɗan akwati in kewaye kaina. Shi ke nan, ya riƙe ni. In na yi gabas ya yi gabas. In na yi yamma ya yi yamma. Ba mai tuƙa shi, ba mai ce mashi komai. Ko mutum dubu suka taru, ni kaɗai yake gani. To ku gaya mani, jama'a, in ƙarfe ya gane mutum, me ya hana ɗan Adam?"

'Yan benci suka ce babu. Shayin Alhaji suke sha.

A tsakar gidansa ya fara gwaji. Daga ƙofar ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa garejin mota, daga gareji a koma rijiya, jirgi na bisa kansa yana ƙugi kamar an tara zuma a tulu. Abin da mai shagon Kano bai gaya masa ba, ko ya gaya masa bai saurara ba, shi ne abin da ke sama bai san katanga ba. Ni da maƙwabciyata Larai muna zaune a tsakar gidanta, kaina a buɗe tana yi mini kitso, sai muka ɗaga ido muka ga ido yana kallonmu. A gidan aure! Larai ba ta tsaya tambaya ba, muciya ta rarumo ta wurga masa. Ba ta same shi ba, ta faɗa gidan Alhaji, ta fasa masa gilashin mota na gefe. Har yau ban ji ta ce ta yi nadama ba.

Muka aika wa matarsa, Hajiya Zulfa, cewa a ja masa kunne. Baiwar Allah ta shigo da kanta, kunya ta ishe ta, ta kawo mana amsarsa yadda ya faɗa, ba ta rage ba. Wai mu kwantar da hankalinmu. Wai jirginsa ba ya kallon kowa sai shi. Wai ko tsayawa muka yi a gabansa muna ɗaga hannu ba zai gan mu ba, domin ba mu kai ba.

Ba mu kai ba! Ni da na yi sakandare lokacin da shi yake tallan ashana a tasha. Na haɗiye. Sai da liman ya tare shi bayan sallar La'asar ya yi masa bayani kan leƙen gidajen mutane, sannan Alhaji ya sanar da cewa dama tsakar gida ta yi wa jirginsa kaɗan.

Sai kasuwa. Ranar da ta fi cika ya zaɓa, ya fito ƙofar shago cikin farar malum-malum, ya tashi jirgi, ya zana akwatinsa. To kowa ya san halin da yankinmu ke ciki tun da daji ya lalace. Abu ya yi ƙugi a sama, mutum ba ya tsayawa tambayar na wane ne. Masu tumatir suka kwanta bayan kwanduna. Mai fura ta bar ƙwaryarta ta shige rumfar mahauta. Wani ɗan sintiri ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya saita bindigarsa sama, sai da aka riƙe masa hannu ana rantse masa na Alhaji ne.

Alhaji ya dubi kasuwa a durƙushe, ido ya cika masa da ƙwalla.

"Kun gani ko?" ya ce wa na kusa da shi. "Ban roƙe su ba. Ƙauna ce."

Da jama'a suka gane ba mutuwa ba ce, suka miƙe suna kakkaɓe jiki, wasu na zagi ƙasa-ƙasa. Alhaji ya fara tafiyar da za a ɗauka. Nan wata matsalar ta fito. Batirin jirgi minti ashirin yake yi. Babban mutum kuwa ba ya wuce gaisuwa. Taku uku, a tsaya. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya ruwa. Taku biyu, a sake tsayawa. Inda ba a gaishe shi ba ma yakan tsaya, ya gyara hannun riga, ya jira har mai rumfar ya tuna. Kafin ya kai wurin mai tsire, wanda ko jifa aka yi daga shagonsa sai a wuce shi, jirgi ya yi kuka ya juya ya koma inda ya tashi ya sauka. Da aka duba hoton, minti ashirin na saman hula ne a tsaye wuri ɗaya, hannaye na shiga suna fita.

Alhaji ya nazarci abin da kyau ya gano inda laifin yake. Gari ya cika da masoyansa. A tafi gona.

Amma fa a tafi yaya? Mutum irin Alhaji ya shiga gona shi kaɗai, wanda ya kalli hoton ai sai ya ɗauka ɗan ƙwadago ne. Girma sai da jama'a. Jama'a kuma, a wurinmu, ba su cika jama'a ba sai da anko. Ko sunan jariri ne sai an fitar da atamfa, balle ranar da Garkuwan Manoma zai taka gonarsa. Ya sa aka yanko shadda koriya, kalar ganyen masara, aka ɗinka wa mutum talatin riga da wando iri ɗaya, aka sayo hula iri ɗaya. Shi ma ita ya sa, don a ga shi da talakawansa abu guda ne. Tasa dai ta fi tsada, amma sai ka taɓa za ka sani. Har 'yan sintiri biyun da za su raka su sai da aka sa musu anko, suka rataya bindiga a kan koriyar shadda.

Cikin talatin ɗin akwai Malam Rabo. Shi ne mutumin da ke noma gonar Alhaji shekara goma sha takwas, ban da 'yar tasa da ke gefe. Siriri ne, ba ya magana sai ta kama, ɗan ƙungiyarmu ne tun kafa ta, amma ko a taro can baya yake zama kusa da takalma. An ba shi anko ne domin shi kaɗai ya san inda iyakar gonar take.

Ranar Asabar da hantsi suka isa, mota uku. An yi ruwa kwana biyu a jere, ƙasa ta jiƙu, masara ta kai ƙugu. Alhaji ya sauko da farin takalmi sau-ciki. Ya tashi jirgi, ya ga kansa a waya, ya zana akwati, ya jefa wayar cikin aljihu, domin manomi na gaskiya ba a ganinsa da waya a hannu. Aka miƙa masa sabuwar fartanya, da takardar shago manne a ƙotarta. Ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga kunya.

Taku goma sha ɗaya ya yi. An ƙirga. A na goma sha biyu takalmin dama ya nutse ya ƙi fitowa, mutum biyu suka ciro ƙafar, na uku ya ciro takalmin. Alhaji ya duba ya ga wata ɗorawa mai inuwa a gefe, ƙasanta a bushe, ya ce a nan ya fi dacewa ya yi wa manoman ƙasa jawabi.

Ya shiga ƙarƙashin ɗorawa. Mutum talatin masu koriyar riga suka bi shi suka kewaye shi. Daga sama, ganye ya rufe su. Jirgi ya tsaya yana lilo, yana neman koriyar riga da hular da aka damƙa masa amana.

Daidai nan Malam Rabo ya hango ruwa ya ɓalle wata kunya can ƙasan gona yana kwantar da masara. Ya zame ta baya, ya ɗauki tsohuwar fartanyarsa inda ya jingine ta, ya fita daga inuwa. Jirgi ya ga koriyar riga da hula sun fito suna tafiya. Ya bi.

Alhaji kuwa ya matso bakin inuwa, ya ɗaga kai sama inda yake zaton jirgi yake, ya buɗe hannaye.

"Ya ku manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa! Ga ni gabanku, a gonata, cikin laka, cikin rana. Wannan hannu da kuke gani, tun ina ɗan shekara bakwai yake riƙe da hauya. Ni na san kukan masara in tana jin ƙishi. Ni na san murmushinta in ta sha taki, musamman irin wanda ke shagona. Wasu na cewa ba ni zuwa gona. To ga shaida daga sama, inda ba a ba da cin hanci!"

Duk wanda ke wurin ya ji ƙugin jirgi ya yi nisa har ya ɓace. Duk sun ga inda ya nufa. Amma wa zai katse babban mutum yana tsakiyar jawabi, alhali rigar da ke jikinka shi ya ɗinka? Suka yi ta cewa haka ne, haka ne, Allah ya ƙara girma. Alhaji ya yi wa sararin Allah jawabi na minti goma sha biyar, ya yi nuni, ya dafa ƙirji, ya share hawaye sau biyu. Da batir ya yi ƙasa, jirgi ya dawo da kansa ya sauka kusa da mota.

"Kun gan shi," in ji Alhaji. "Ya san ubangidanshi."

A falonsa ya kalli hoton, shi kaɗai. Hajiya Zulfa ce ta ba mu labari daga baya, don ta labule take kallo. Farkon dai ya maimaita shi sau shida: ga shi, ga fartanya, ga taku goma sha ɗaya. Sannan ya gano abu biyu. Na farko, jirgin ba ya ɗaukar murya, jawabin nan duk ya tafi a iska. Na biyu, mutumin da ya fito daga ƙarƙashin ɗorawa yana ratsa kunyoyi da sauri ba shi ba ne. Ta ce ya miƙe, ya zauna, ya kira mai shagon Kano ya zage shi. Sannan ya sake duban wayar, murmushi ya fara zuwa. A 'yar fuskar waya, daga sama, daga baya, me ake gani? Koriyar riga da hula. Rigar tasa ce, shi ya saya. Hular tasa ce. Gonar tasa ce. Jirgin nasa ne. In aka bi gaskiya, wane ne a hoton in ba shi ba?

Bai kalla har ƙarshe ba. Alhaji ba ya iya kallon hoton da ba ya ciki fiye da minti uku.

Ranar taro, Faskari ta cika. Manoma daga Sabuwa, daga Sheme, daga Ƙetare, kowa da lakar hanyarsa a ƙafar wando. Mu mata muna baya kan tabarmi, ni da Larai a layin gaba don kada a ba mu labari. Sakataren ƙungiya, Malam Yahya, ya ce a miƙa wayar Alhaji hannu-hannu dattawa su gani. Alhaji ya yi dariya. Shi za a kalla a waya? Ya riga ya aika gidan kallon ƙwallo an ɗauko talabijin ɗinsu mai faɗin ƙofar zaure, da janareto, da lasifika biyu. Shi zai riƙa bayani da bakinsa.

Aka kunna. Ga gona kore shar daga sama, har ni sai da na ce masha Allah. Ga Alhaji da fartanya. Ga takalmi ya nutse, Alhaji ya yi tari mai ƙarfi daidai wurin. Ga ɗorawa. Ga mutum ya fito.

"To ga ni nan na bar jama'a a inuwa," in ji Alhaji a lasifika. "Ni ba ni iya zama in ga aiki. Kun ga yadda nake tsallake kunya ba na taka ko ganye ɗaya? Sabo ne."

Mutumin cikin talabijin ya isa inda ruwa ya ɓalle. Ya sunkuya, ya fara jawo ƙasa yana toshewa, sara uku, taku ɗaya, sara uku, taku ɗaya. Kowa a ɗakin taron ya zuba ido. Manomi ba ya gajiya da kallon aiki mai kyau. Wani tsoho daga Sabuwa har gyaɗa kai yake yi daidai da saran.

"Alhaji," wani ya ɗaga murya daga tsakiya, "yaushe ka zama bahago?"

"Manomi na gaskiya hannu biyu gare shi," in ji Alhaji. "Ranar na dama ne ya gaji."

"Alhaji, ka rame a hoton nan."

"Gona ke nan. Tana ramar da mutum."

"Ta maido maka da cikin kahin ka iso Faskari?"

Dariya ta fara tashi daga baya. Baba Gide ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku bar bawan Allah ya ƙare bayani. Ci gaba, Alhaji. Me kake yi nan?"

Mutumin ya gama toshe ruwa, ya bi masarar da ta kwanta yana tayar da ita ɗaya bayan ɗaya yana tara mata ƙasa a gindi. Ya tsaya ya leƙa cikin wata, ya zaro tsutsa da yatsa biyu ya murtsuke. Ya ci karo da wuta-wuta ta fito da furenta, ya tumɓuke ta har saiwa ya jefa bayan gona.

"Nan... fure ne nake tsinkowa," in ji Alhaji. "Na kai ma Hajiya."

Wannan karon ko sandar Baba Gide ba ta yi aiki ba. Larai ta kifa kai a cinyata tana shessheƙa. Garkuwan Manoma bai san wuta-wuta ba, ciyawar da ke shanye masara tun daga saiwa, wadda a shagonsa yake sayar mana da maganinta da rantsuwa.

Daga nan kuma hoton ya shiga inda Alhaji bai taɓa kallo ba. Mutumin ya miƙe, ya dubi hannun rigar da ya fara ɓaci. Ya cire hula. Ya cire rigar ta kai, ya ninke ta da kyau, ya ɗora bisa kututture. Ya rage daga shi sai tsohuwar singileti, haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa. Jirgi ya ɗan yi lilo, ya sauko ƙasa-ƙasa kamar mai son tabbatarwa. Mutumin ya waiwayo ya ɗaga kai. Fuskar Malam Rabo ta cika talabijin mai faɗin ƙofar zaure, da goro a kumatu. Ya harari jirgin, ya sunkuya ya ɗauki hoge ya jefe shi yadda ake korar tsuntsu, ya koma aikinsa.

Ba wanda ya kashe talabijin, don Alhaji ne ke riƙe da rimot, hannunsa kuma ya mutu. Muka ga jirgi ya juyo yana komawa. Ya ratso ta gefen ɗorawa. Ga mutum ashirin da tara masu koriyar riga, wasu a tsugune, wani na hamma, ɗan sintiri na sosa baya da bakin bindiga. Ga kuma guda ɗaya mai ciki a bakin inuwa, takalmi ɗaya fari ɗaya baƙi, ya buɗe hannaye yana yi wa gajimare bayani.

Sai da aka sha ruwa aka share ido sannan Baba Gide ya miƙe.

"To, alhamdu lillahi. Na ce a kawo mamu shaida, Alhaji ya kawo, har da janareto. Shekarata saba'in da huɗu ban ga an toshe kunya da kyau haka ba. Ni dai mutumin cikin hoton nan nike so. Wa ke tare da ni?"

Hannaye suka tashi har bango. Mu mata hannu bibbiyu muka ɗaga. Cikin 'yan ankon Alhaji ma na ga hannu bakwai, suna kallon ƙasa.

Aka nemi Malam Rabo aka rasa. Bai zo taron ba, yana Ƙetare, gonar Alhaji na buƙatar taki na biyu. Aka tura mashin. Muka yi sallar La'asar muka dawo, sai ga shi an shigo da shi, laka har gwiwa, ido a firgice. Ya ga Alhaji, ya ga tasa fuskar an tsayar da ita cikin talabijin, ya zube ƙasa.

"Alhaji ka yi mani haƙuri. Wallahi ba raina rigar na yi ba. Hana ni sunkuyawa take. Na wanke ta, tana gida."

Sai da Malam Yahya ya faɗa masa sau uku cewa shi aka zaɓa shugaba kafin ya gane. Ya ce shi bai iya magana gaban manya ba. Baba Gide ya ce masu iya maganar mun gwada su. Malam Rabo ya ce ba shi da rigar zuwa Katsina. Larai ta ɗaga murya daga tabarma ta ce ai yana da koriya.

Alhaji dai bai fita ba, a nan zan yaba masa. Yana zaune da rimot a hannu, gumi na bin wuyan shadda. Baba Gide, da yake dattijo ne ba ya son a tashi da ɓacin rai, ya juya gare shi.

"Alhaji, kai ma ba mu barinka haka. Jirgin nan naka abin kirki ne, ya nuna mamu gona yadda ba mu taɓa gani ba. Ƙungiya ta ba ka muƙamin mai ɗaukar hotonta. Duk gonar da shugaba za shi duba, ka bi shi da jirgi. Ka zana mashi akwatin nan naka."

Alhaji ya ajiye rimot. Ya dubi talabijin, ya dubi Malam Rabo da ke tsugune yana kankare laka daga ƙafa da tsinke. Da ya yi magana, ba ta lasifika ba ce, muryar ƙarama ce, sai da muka miƙa wuya.

"To ni kuma wa za ya ɗauke ni?"

"Kai?" in ji Baba Gide, yana neman takalminsa da sanda. "Kai ai mun gan ka, Alhaji."